Gidan Fito

A duk layin babu wanda ya taɓa ganin takardar da ta mai da mijin Malama injiniya. Abin da tsofaffin layin suka tabbatar shi ne, shekara talatin ya yi yana riƙe da makullin ɗakin ajiya a wata ma'aikata, kuma wata rana da janareta ya lalace, shi ya haska wa injiniyan gaske tocila. Ranar ya dawo gida da baƙin mai a hannun riga, ya hana a wanke rigar har tsawon mako guda. Aka fara kiransa Injiniya don tsokana, shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu, har ya rubuta shi da fenti a jikin akwatin kayan aikinsa.

Malama ba ta taɓa kiransa da sunan ba. Mace ce da ta shekara talatin da biyu tana koyar da nahawu, wadda ba ta yarda a ba kalma abin da ba nata ba, balle a ba mutum. Ta yi ritaya da suna fes kamar sabon allo, in ban da tabo guda. Shekaru ashirin da suka wuce, wata mai duba makarantu, wadda malamai suke kira Mai Hankici, ta shiga ajinta, ta zaro farin hankici daga jaka, ta shafa saman kabad, sannan ta rubuta a rahoto: "Darasi ya yi kyau, amma akwai ƙura a saman kabad." Malama ta manta da yabon tun a ranar. "Amma" ɗin ce ta zauna mata a maƙogwaro kamar ƙaya.

To, ga shi yanzu ƙungiyar tsofaffin malamai mata za ta zaɓi shugaba, an kuma sa sunan Malama. Aka aiko mata cewa ranar Asabar da ƙarfe huɗu Mai Hankici, wadda ita ma yanzu 'yar ƙungiyar ce, za ta zo da mata biyu su gaishe ta. Gaisuwa aka ce, amma ko kujerun falon sun san jarrabawa ce.

Ranar Laraba da hantsi Malama ta jawo injin shara, irin mai tayoyi da doguwar mesa, wanda yake zuƙe ƙura ya tara a jaka. Ta kunna. Maimakon gurnanin da ta saba ji, sai injin ya saki wani siririn fito, fiiiii, mai ratsa haƙori. Ta kara bakin mesar a kafet, ko zare bai ɗauka ba.

"Malam," in ji ta, "taimaka ka miƙa wannan injin wurin mai gyara na bakin titi."

Injiniya ya sauke jarida. Ya gyara zaman tabaransa, wanda tun da mariƙinsa na kunne ɗaya ya karye a makon jiya yake ɗaure da wata baƙar roba da ta zagaye masa ƙeya.

"Wurin wa?"

"Mai gyara."

"Malama, a gabana kike faɗin haka? Mutumin da ko sukudireba bai iya riƙewa ba? Da likita a gida za ki kai mara lafiya wurin mai yankan farce?"

"Ina da baƙi ranar Asabar."

"Asabar! Kafin ruwan shayinki ya tafasa na gama. Ai wannan ciwo ne sananne. Iska ce take shiga ta inda ba a gayyace ta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

Abin baƙin cikin shi ne, a nan gaskiya ya faɗa. Da ƙarya ya fara, da Malama ta ƙwace injinta tun da wuri.

Ya shimfiɗa kayan aiki a tsakiyar kafet, ya tuɓe riga ya saura daga shi sai singileti. Ya kunna kyandir, ya ce zai bi jikin mesar da shi, duk inda harshen wutar ya karkata, nan ɓarawon yake. Ya bi mesar taku-taku, yana karanta wa Malama darasi a kan halayen iska. Da ya iso bakin mesar, iskar ta ja wutar ta lashe gezar labule, shi kuma garin hurawa ya ƙone rabin gashin bakinsa.

"Malam, labulena!"

"Alama ce mai kyau. Ya nuna injin yana da sauran ƙarfi."

Wutar ta bar ɗan rami a jikin mesar. Injiniya ya duba shi da murna.

"Kin gani? Ga hujin."

"Yanzu ka yi shi."

"Yanzu ya bayyana, Malama. Ke da kike koyar da nahawu, ki bambanta."

Ya naɗe ramin da salatif, ya naɗe mahaɗar mesar, ya naɗe wurin da ba ruwansa, har mesar ta koma kamar ƙafar wanda ya faɗo daga babur. Ya kunna. Fiton bai tafi ba, sai dai ya sami ilimi. Wani leɓen salatif da bai manne ba ya riƙa kaɗawa, sautin ya rabu gida biyu, ya hau sama ya sauko: fiii-fiyuuu! Irin fiton nan ne sak da zauna-gari-banza suke yi idan mace ta gifta.

Tagar falon kuwa a buɗe take, tana kallon layi. A daidai lokacin matar Direba, maƙwabcinsu, ta zo wucewa da bokitin wanki. Ta tsaya cak. Ta ɗaga kai ta ga Injiniya a bakin taga, da singileti da rabin gashin baki, yana murmushin jin daɗin aikinsa. Ta ja tsaki ta wuce. Da ta dawo daga shanya, ya sake gwadawa.

Ranar Alhamis da safe aka buga ƙofa, bugun da ba na sallama ba. Direba ne, mutum mai faɗin ƙofar gareji, wanda ya saba magana a kan ƙarar babbar mota.

"Mama, ina kwana. Ina Baba?"

"Lafiya dai, ɗana?"

"Ita ce ta kawo ni. Baba, da girmanka da furfurarka! Sau biyu jiya kana yi wa matata fito. Ni da nake gaishe ka har ƙasa!"

Shekara talatin da biyu tana hana yara fito a harabar makaranta, yau ga shi ana zargin gidanta da shi, a bakin ƙofa, matan layi kuma sun fara leƙowa da tsintsiya a hannu kamar masu shara.

"Ba shi ba ne," in ji ta cikin muryar taron iyaye. "Na'ura ce. Shigo ka gani da idonka."

Injiniya ya ji daɗin samun ɗan kallo. Ya durƙusa, ya dafa murfin injin da gwiwar hannu kamar mai shirin ɗaukar hoto, ya danna makunni. Injin ya yi gurnani lafiya lau. Babu fito ko na sauro.

Direba ya harɗe hannu. "Ina ji."

"Ɗan jira," in ji Malama.

Suka jira. Injiniya ya ƙara danna murfin da nauyinsa, fuskarsa ta cika da haske.

"Malama, na gyara! Kin gani? Inji ya san hannun mai shi."

"Ba yanzu ba, Malam! Ka sa shi ya yi!"

"In sa shi ya yi? Kwana guda ina fama in hana shi!"

"Mama," in ji Direba, "ke mutuniyar kirki ce, ba zan so ki yi ƙarya saboda wani ba. Baba, na bar ka da Allah. Amma in aka kuma, ba da baki zan zo ba."

Ya juya ya kama hanya. Injiniya ya ɗaga gwiwar hannunsa daga murfin don ya raka baƙo.

Fiii-fiyuuu!

Direba ya tsaya a tsakiyar layi. Ya waiwayo a hankali, kamar tirela mai juyawa a lungu.

"Har da ni, Baba?"

Kafin azahar labari ya kai ƙarshen layi ya dawo da 'ya'ya.

Da Malama mai ido ce a kan inji kamar yadda take a kan jimla, da ta lura cewa fiton yana mutuwa ne duk sa'ad da aka danne murfin. Amma hankalinta yana kan tagogin maƙwabta. Ta lalubo littafin bayanin injin daga aljihun tebur, ta sa tabarau, ta karanta da ƙarfi kamar mai ba da shifta.

"Idan na'urar tana fito, a duba jaka ko ta cika. A duba mesa ko ta tsage. A duba robar da ke zagaye da bakin murfi ko ta zauna daidai."

"Littafi!" in ji Injiniya. "Wanda ya rubuta shi ya taɓa zama da wannan injin? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"Ka duba robar dai."

"Babu wata roba a wurin. Ni na zubar miki da jakar a makon jiya, na san cikinsa kamar aljihuna." Ya tura tabaransa sama da yatsa. "Ki bar wa masu aiki aikinsu."

Juma'a ta zo da sabuwar dabara. Ya ce yadda ake gane hujin taya haka ake gane na mesa, saboda haka ya tsoma ta cikin bahon wanka da ruwan sabulu, yana hura ɗaya bakin har idanunsa suka firfito. Ya mayar da ita a jiƙe, injin ya yi rabin yini yana fito da gargara. Ya tauna cingam fakiti guda, da haƙoran da ba duka nasa ba, ya liƙe kowace kafa da ya gani. Ya yanko robar taya ya ɗaure injin tamau kamar kayan da za a ɗora a saman mota. Duk ƙofar da ya toshe, sai fiton ya ƙara tsini. Karnuka uku suka zo suka zauna a ƙofar gida suna jiran wanda ya kira su. Wani mai tasi ya tsaya sau biyu, a na ukun ya sauko ya yi zagi. Matan layi suka koma bi ta bayan gida, wasu kuma, in za a faɗi gaskiya, suka riƙa bi ta gaba sau biyu don su ji ko za a yi musu.

Injiniya ya cusa auduga a kunnuwansa saboda kansa ya fara sarawa.

"Ya ragu ƙwarai!" ya faɗa da ƙarfi. "Kin ji yadda ya ragu?"

An ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma ba a faɗi cewa wani lokaci a wuyan matar mai shi yake ba.

Ranar Asabar ta koma wa tsohuwar hanya. Ta durƙusa da buroshi da tsintsiya ta bi kafet ɗin zare-zare. Ta juya labulen, ƙunar ta koma bayan kujera. Ta hau kan tebur, da shekarunta da ciwon gwiwarta, ta goge saman kabad sau uku, na ƙarshe da farin ƙyalle don ta ga abin da Mai Hankici za ta gani. Da ƙarfe uku da rabi falon yana ƙyalli, in ban da abu biyu: injin da mijinta.

Ta tura su duka cikin sito, ƙaramin ɗakin da ke manne da falon. Ta zare audugar kunnensa ɗaya.

"Malam, ka saurare ni da kyau. Shekara talatin da biyar ban roƙe ka komai ba. Kada ka taɓa injin nan. Kada ka yi tari. Kada ka fito sai ka ji na ce ka fito."

"Saura ƙiris, Malama. Na gano cewa jakar ce take shaƙe shi, kuma mesar ba a wannan ƙofar ya kamata..."

"Sai na ce me?"

"Sai kin ce in fito."

Ta mayar masa da audugar, ta ja ƙofa.

Ƙarfe huɗu daidai Mai Hankici ta yi sallama. Ta tsufa, ta ranƙwafa, tana dogara sanda, kunnenta ya yi nauyi, amma idon nan yana nan kamar allura. Matan biyu suka biyo ta, ɗaya doguwa, ɗaya gajera, dukansu cikin fararen kaya kamar sun haɗa baki. Aka gaisa, aka tambayi 'ya'ya da jikoki da gwiwoyi. Aka kawo shayi a kofunan da ba a taɓa ba kowa ba.

Can sai Mai Hankici ta miƙe, wai ƙafarta ta yi sanyi. Ta zaga falon tana yaba hotuna. Da ta zo gaban kabad, hannunta ya shiga jaka. Farin hankicin ya fito, ya hau kan sandar tsohuwar, ya bi saman kabad daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya sauko. Mai Hankici ta kai shi kusa da ido. Ta juya shi. Fari fat.

"Hmm," in ji ta. "Malama, ashe dai..."

A cikin sito kuwa, Injiniya ya yi haƙurin kusan awa guda, wanda a wurinsa ya kai shekara. Ga soket a bango, ga inji, ga basira tana tafasa. Ya kwance robar tayar, ya farke jakar ƙurar da wuƙa don ta sha iska, ya cire matatar da ya ce ita ke tare hanya, ya rufe murfin ya sake ɗaurewa, ya zare mesar daga gaba ya cusa ta a ramin baya inda iska take fita. Ya toshe bakinta da tafin hannu don ya ji ƙarfinta. Ya danna.

Fiiiiiiiiii!

Karnukan waje suka amsa.

"Mene ne wannan?" in ji Mai Hankici.

"Ba komai, Yaya," in ji Malama, murmushinta yana nan kamar an liƙa shi da cingam. "Fito ne kawai."

"Me kika ce?"

"Fito ne."

"Ɗaga murya, ba na ji!"

"Fito!" in ji Malama da muryar da take tsayar da aji mai yara sittin. "Fito na ce!"

Ƙofar sito ta buɗe.

Injiniya ya bayyana da singileti da rabin gashin baki, auduga tana leƙowa daga kunnuwa, yana jan injin a baya kamar akuya mai gardama, bakin mesar yana kallon baƙi, tafin hannunsa a kai. Ya ga manyan mata zaune. Shi kuwa duk abin da za a ce da shi, ba a taɓa cewa ba shi da ladabi ba. Ya ɗaga hannun don ya gaishe su.

Abin da injin ya haɗiye tun daga makon jiya, da abin da ya maƙale a lungunansa tun ranar da aka saye shi, duk ya fito a numfashi ɗaya. Ƙura, gashi, zare, ɓawon fensir, da maɓallin rigar da aka daɗe ana nema. Doguwar ta yi ihu ta faɗa bayan kujera. Gajerar ta buɗe baki za ta yi salati, ta rufe shi da abin da ba ta yi niyya ba. Injiniya, garin neman makunni, ya juya mesar ta bi bango, ta bi hotuna, ta bi labule, ta ƙare a saman kabad, inda ta daɗe kamar mai biyan buƙata.

Malama ce ta taka, ba gudu ba gaggawa, ta zare filogi.

Shiru ya sauka tare da ƙurar. A taga kuwa kawuna sun jeru: Direba, matarsa, mai tasi, da rabin layi.

"Ke kika ce in fito," in ji Injiniya.

"Fiito na ce. Da dogon wasali."

"Fito na ji."

"Fiito, Malam! Abin da ake yi da baki! Shekara talatin da biyu ina koyar da bambancin dogon wasali da gajere, ashe a gidana ne ba a ci jarrabawar ba!"

Mai Hankici ta goge gilashin idonta da hankicin, wanda yanzu ya koma kalar ɓera. Ta dogara sanda ta zo ta tsaya a kan injin. Ta sa aka kwance robar tayar, ta buɗe murfin, ta bi bakinsa da yatsa.

"Irinsa ne da ni a gida. Ina robar murfin?"

"Ba ya zuwa da roba, ranki ya daɗe," in ji Injiniya. "Wannan samfurin..."

Tsohuwar ta ɗaga kai. Idonta ya tsaya a ƙeyarsa.

"Sunkuyo, ɗan'uwa."

Ya sunkuya. Ta sa yatsa biyu ta zare baƙar robar da ke riƙe da tabaransa, tabaran ya faɗo a tafin hannunsa. Ta zagaya robar a bakin murfin, ta zauna daram kamar ba ta taɓa barin gida ba. Malama ta kawo sabuwar jaka, aka mayar da matata, aka dawo da mesar ƙofarta ta gaba. Mai Hankici ta danna makunni da kan sandarta. Injin ya yi gurnani mai sanyi, ya ja wani farin layi a tsakiyar kafet.

"A kwance na gan ta ba ta aikin komai," in ji Injiniya a hankali. Sannan ya ɗan murmure. "Amma ku shaida, tun ranar Laraba na ce iska ce."

Dariyar da ta tashi daga taga sai da ta kori karnukan. Direba ya riƙe ciki yana cewa, "Baba, na yafe! Wallahi na yafe!"

Malama ta tsaya a tsakiyar falonta, ƙura har a gashin ido, bayanta a miƙe.

"Yaya," in ji ta, "a rubuta. Akwai ƙura a saman kabad."

Mai Hankici ta dube ta, ta dubi Injiniya da yake ƙoƙarin ɗaure tabarau da igiyar takalmi.

"Shekara nawa kuke tare?"

"Talatin da biyar."

"Kullum haka yake?"

"Yau da sauƙi."

Tsohuwar ta ninke hankicin ta mayar jaka. Ta juya wurin matan biyu, waɗanda suke kakkaɓe juna.

"Ƙungiyarmu tana da mata tamanin, kowacce tana ganin ta fi kowa sani. Wadda ta riƙe wannan bawan Allah shekara talatin da biyar ba ta jefe shi da kofi ba, ita za ta iya da mu."

Haka Malama ta zama shugaba, babu hamayya. Sai dai layi ba ya karanta sakamakon zaɓe. Tun daga ranar, duk mai kwatance sai ya ce a wuce Gidan Fito a sha kwana, har takardun ƙungiyar ma da sunan suke isowa. Injiniya yana ganin karramawa ce, ya fara maganar yin allo.

Wata safiya Malama tana shayar da furanni a ƙofar gida, wani mai kawo saƙo ya tsaya da babur.

"Mama, nan ne Gidan Fito?"

Ta ajiye butar. Ta dube shi ta saman tabarau, kallon da ya sa shi ya kashe babur ɗin ba tare da an ce masa ba.

"Fiito," in ji ta. "Ja wasalin. In za ku ɓata mini suna, ku ɓata shi daidai."